Kwana na Bakwai Bayan Aikin Haidar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Zuwa ga 'yata Rabi'atu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Bacirawa lafiya, kin sami Gwaggonki Asabe da yaranta ƙalau. Allah ya tsare ki a gida da hanya da makaranta, ya haɗa ki da mutanen kirki. Na sa takardar nan a ƙasan akwatinki don na san ba za ki kai gare ta ba sai kin huta. Ke ce 'yar fari, kin san ba na iya zama in dube ki in yi doguwar magana, ko sunanki ban saba kira a gaban mutane ba. A rubuce na fi iya faɗa.

Ranar da ƙaninki Haidar ya rasu kina Islamiyya. Talata ce cikin damina, gero ya fara fitar da kai. Kin fita bayan azahar kin bar shi kwance a tabarma a rumfa, kika dawo kika tarar da mata cike da gida, mu kuma ba ma nan. Kina da shekara takwas, shi yana da shida. Abin da aka gaya miki, aka kuma gaya wa kowa a unguwar nan, shi ne aikin cire 'yan wuya da aka yi masa ne ya kashe shi. Na ji ana faɗa a zaman makoki, na sunkuyar da kai ban gyara ba. Yau shekara biyar ban gyara ba.

Ga shi yanzu kina fama da irin ciwonsa. Duk bayan 'yan makonni wuyanki ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ke, ko yawu ki kasa haɗiyewa. Shekara biyu ke nan da likita ya ce a cire miki su, na ƙi. Babanki ya ce ba zai sake kai wani ɗansa tiyata ba sai na yarda da bakina. Ke ma da an ambaci aikin sai ki shige ɗaki ki yi ta kuka, don kin ɗauka abin da ya ɗauke Haidar ne ke jiran ki. Ni na bar ki da wannan tsoron, don haka sai kin ji yadda abin ya kasance.

Kin san halina da littafi. Tun kafin in yi aure nake karanta littattafan nan na soyayya, ko sunan Haidar a ciki na tsinto shi, sunansa na yanka Aliyu. A cikinsu kusan kullum akwai asibiti. A shiga da mutum, dangi su yi ta safa da marwa a baranda, can likita ya fito ya ce an yi nasara, babi ya ƙare. Shafi na gaba sai ki ga mara lafiyan yana shan shayi yana dariya. Da wannan tunanin na je. Duk tsorona yana kan ƙofar ɗakin tiyatar. Da likita ya fito ya ce an gama lafiya, sai na ajiye tsoron a wurin, na ɗauka an wuce wurin haɗari.

An yi aikin da kyau, Rabi'atu. Sun duba jininsa, sun tambaye mu abubuwa da yawa, sun hana shi ci tun kafin a shiga da shi. Ya farfaɗo yana neman takalminsa. Washegari da za a sallame mu, wata nas mai ɗan jiki ta zaunar da ni ta yi mini bayani mai tsawo, ta ba ni takarda rubuce da Hausa, ta ce in karanta in mun je gida. Ina ta cewa to, to, amma hankalina yana kan Haidar da yadda za mu shiga gida a ce mana barka. Na karɓi takardar na sa ta cikin littafin da ke hannuna, daidai inda na tsaya. Littafin aro ne na maƙwabciyarmu Larai. Da na gama shi na aika mata da abinta, takardar tana ciki. Duk gidan nan ba wanda ya kai ni iya karatun boko, na karanta littattafan da ba zan iya ƙirgawa ba, amma shafi ɗayan nan ban buɗe shi ba.

Don haka duk abin da likita ko nas suka gaya miki, ki maimaita musu da bakinki su ji ko kin gane. In ba ki gane ba ki sake tambaya, ko da za su yi tsaki. In an ba ki takarda ki karanta a gabansu, ki ba Gwaggo ta karanta, a manna ta a bango. Su ma abin da suka tambaye ki kada ki ɓoye. In kina mura ko zazzaɓi ki faɗa. In haƙori na motsi ki faɗa. In kin lura jini yana daɗewa bai tsaya miki ba in kin yanke, ko al'adarki tana zuba da yawa, ki faɗa ko da likitan namiji ne. In sun ce kada ki ci komai daga lokaci kaza, ko gutsuren ƙuli-ƙuli kada ki jefa a baki, in kuma kin manta kin ci, ki gaya musu a ɗaga aikin.

Nas ɗin ta ce mu zauna kusa da asibiti har sati biyu, wannan kam na ji. Gwaggonki Asabe ta share mana ɗaki ta ce mu zauna. Kwana ɗaya muka yi na ce gida za mu. Na fake da cewa ana noma, ba mai dafa wa 'yan ƙwadago abinci. Gaskiyar ita ce na ƙagu in koma ɗakina. Gwaggo ta ce da ni, "Sa'adatu, gonar ba gudu za ta yi ba, ku bari yaron nan ya ɗan warware." Na yi dariya na ce ai ya warke, ba ta ga yana wasa ba. Babanki bai so ba, amma ya ga ni ce aka yi wa bayani, ya biye mini.

Da muka dawo, kakarki Inna ta karɓe shi da murna. Kin tuna yadda take tsokanarsa, wai mijin nan nata an je birni an cire masa injin markaɗen da yake tayarwa in yana barci, yanzu sai ta koma ɗakinsa. Shi kuma ya ce da ƙaramar muryarsa ya sake ta, ta tsufa. Inna ta so shi fiye da kowa, kada ki taɓa ɗora mata laifi. Abin da ta sani ta faɗa, abin da kowa ya sani a nan, cewa wanda aka yanka ba ya shan sanyi. Mai jego ruwan zafi take sha da kunun kanwa, wanda aka yi wa kaciya a gasa masa jiki da romo mai yaji, sanyi in ya shiga ciwo ba ya fita. Ni ma da haka na tashi. Sai muka hana shi ruwan randa. Na riƙa dama masa kunun kanwa da zafinsa, ina yi masa romon kaza da masoro da citta. Yakan kurɓa ya runtse ido ya ture kofin. Sau da yawa na kama shi tsaye a gindin randa yana kallon moɗa, in ce, "Haidar, so kake ciwon ya dawo?" Ya girgiza kai ya koma tabarma. Da yake mai zafin ba ya shiga, sai ya zama kusan ba ya shan komai. Leɓɓansa suka bushe, fitsarinsa ya yi ja ya ragu.

Wuyan da aka yi wa wannan aikin ruwa yake so, mai sanyi-sanyi, kaɗan-kaɗan, duk yini. Ki sha ko da zafi, don in maƙogwaro ya bushe ciwon ƙaruwa yake. Kunu ko koko a bari ya huce. Ki ci abinci, kada ki zauna da yunwa, amma ban da yaji, ban da tsami. In wata tsohuwa ta zo dubiya ta ce sanyi zai kama ki, ki gaishe ta da ladabi ki ce to Inna, in ta tafi ki sha ruwanki. Azumin Litinin da Alhamis da kika fara, ki ajiye shi sai kin warke. Ki nisanci hayaƙin murhu.

A kwana na huɗu ciwon ya ƙaru, har yana kama kunnuwansa. Ban san haka abin yake yi ba, ban san yakan tsananta a tsakiya kafin ya sauka ba. An ba mu farasitamol na ruwa a asibiti, an ce a ba shi kan lokaci. Ni kuwa sai ya yi kuka nake ba shi, in ya yi shiru in ce ai da sauƙi. Da na ga kunne ya shiga ciki na ce maganin asibitin ba shi da ƙarfi. Na aika wurin mai tebur aka sayo mini garin nan na ciwon kai da ke cikin 'yar takarda, wanda nake sha in na sha rana. Na riƙa raba shi biyu ina jiƙa masa safe da yamma. Yana sa shi ya ɗan sake, har na yi ta yabon maganin. Akwai asfirin a ciki, shi kuma asfirin hana jini daskarewa yake yi, ba a ba yaro, balle wanda ke da ɗanyen ciwo a wuya.

Kada ki sha ko ƙwaya ɗaya da ba likitanki ya rubuta ba, ko wa ya kawo, ko ni ce. Wanda aka rubuta kuma ki sha shi kan lokacinsa, kada ki jira sai ciwon ya taso, ki sha shi kafin cin abinci da ɗan lokaci don ki iya haɗiya. In bai isa ba a koma a gaya musu, su suka san abin da za su ƙara.

Akwai kuma abin da na yi da bakina. Duk wanda ya shigo dubiya sai in ce Haidar jarumi ne, ko kuka ba ya yi. Yana ji. Yaro ne mai son a yabe shi. Sai ya daina gaya mini inda ke masa ciwo. Ke kuma kin fi shi zurfin ciki, ni na koya miki, don tun kina ƙarama ba na sakar miki fuska ki kawo mini kuka. A gidan Gwaggo za ki ji nauyin tashin mutane, za ki ce ke baƙuwa ce. Ki cire wannan. A kwanakin jinya ki zama mai yawan ƙorafi. Gwaggonki ta fi son ki dame ta sau goma a banza.

A kwana na shida bakinsa ya fara wari. Na ce ya buɗe, na haska da fitilar waya, sai na ga wurin da aka cire ya yi fari fat kamar an shafa kindirmo. Inna ta leƙa ta ce ciwon ya ruɓe, a kira wanzami ya kankare. Na ce a'a, yaron da likita ya yi wa aiki ba za a kawo masa wanzami ba. Har ina jin kaina wayayyiya. Na tafasa ruwa na sa gishiri, na naɗe ɗan yatsana da tsumma mai tsabta, Inna ta riƙe masa kai, na sa hannu na goge. Bai yi kuka ba, hawaye kawai suka zubo. Wani ɓangaren farin ya fita, wurin ya yi ja, na ce alhamdulillahi ya fara tsabta.

Farin nan shi ne ɓawon ciwon. A wuya ba ya yin baƙi kamar na gwiwa, fari yake yi, warin ma yakan zo da shi. Shi ke rufe jijiyoyin jini har su warke, kuma da kansa yake faɗuwa. Kada ki taɓa shi, kada ki bari a taɓa, kada ki yi ta kakari don ki fitar da shi. In kina shakka, ko zazzaɓi ya zo, a je su duba da idonsu.

Ranar Talatar, da safe ya tofar da yawu na ga jini a ciki, bai fi cokali ba. Babanki ya riga ya tafi kasuwar Bici. Na ɗauki waya na ajiye. Na ce in na kira shi ya baro kasuwa a kan ɗan wannan, a ce na cika tsoro. Jinin ya tsaya, ko in ce na daina ganin sa. Na shimfiɗa masa tabarma a rumfa, na gama aikin rana, na zauna kusa da shi da sabon littafi. Ina jin sa yana haɗiyar yawu a kai a kai, har na ji daɗi na ce wuyan ya buɗe. Ashe jini yake haɗiyewa. Sau ɗaya ya ce, "Umma, bakina gishiri." Na ce ruwan gishirin jiya ne, ya yi barci. Ban ɗaga kaina sosai ba, ina wurin da ake ta rikici a labarin.

Ana kiran la'asar ya tashi zaune ya yi amai. Ba zan kwatanta miki ba. Maƙwabcinmu ya ɗauke mu a mashin, ina rungume da shi a tsakiya. An yi ruwa kwana biyu, hanyar gona ta cika da taɓo, wani wurin sai mun sauka an tura. A ƙaramin asibitin da muka fara isa suka sa masa ruwa, suka nemo mana mota, suka ce mu yi birni da sauri don yana buƙatar jini da tiyata. Babanki ya tare mu a hanya. Mun fara ganin gidajen birni ke nan ya yi nauyi a hannuna. Da muna ɗakin da Gwaggo ta share mana, da tafiyar zuwa asibiti ba ta kai ta shan kofin shayi ba.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ba wanda ke wuce ranarsa. Malamai sun gaya mini, na kuma yarda. Amma an umarce mu da kiyaye sanadi, ni kuwa ban kiyaye ba. Ki riƙe wannan fiye da komai a takardar nan. Bayan aikin nan babu ɗan jini. Ko ɗigo kika gani a yawu, ko kika ji ɗanɗanonsa, ko kika ga kina ta haɗiya ba dalili, a tafi asibiti a lokacin, ko ya tsaya. Ba a jiran maigida ya dawo, ba a jiran a ga abin da hali zai yi. Kwanakin da aka fi jin tsoro su ne daga na biyar zuwa na goma, daidai lokacin da kowa ya saki jiki ya ce an warke.

Bayan sadakar arba'in Larai ta shigo da takardar a hannu, ta ce ta gani a cikin littafinta, ko tawa ce. Ba ta iya karatu sosai, 'yarta ke karanta mata. Na karɓa na shiga ɗaki. Komai yana ciki. Ruwan sanyi, asfirin, farin wuya, jini, zama kusa da asibiti, kowanne da layinsa. Na karanta sau biyu na sa ta a murhu. Ban gaya wa Babanki ba, ban gaya wa Inna ba har ta koma ga Allah tana cewa likitoci sun yanka mata miji. Da ana zagin asibiti sai in ji sauƙi-sauƙi, don ba a kallona.

Kin ga na ci gaba da karatu, har kina ce mini Umma ba kya gajiya. Ba daɗinsa nake ji kamar da ba. In na buɗe littafi ina samun awa ɗaya da ba na cikin rumfar nan.

Kuskurena na ƙarshe a kanki na yi shi. Da likita ya ce a yi miki aiki, na ce ba za a yi ba, kowa ya tausaya mini, aka ce uwa ce da ta ga abin da ta gani. Ba aikin nake tsoro ba. Tsoro nake a sake miƙo mini yaro a ce in kula da shi. Saboda haka na bar ki shekara biyu kina kwanciya kina tashi, kin rame, kin maimaita aji, kina barci baki buɗe kina shaƙewa. Ina ji daga ɗakina. Ranar da kika ce mini, "Umma, ni ma in aka yi mini mutuwa zan yi ko?" na ce ki bar wannan maganar, na fita tsakar gida na hau wanke-wanken da na riga na yi. Ya kamata a ranar in zaunar da ke. In wata rana kin yi kuskure mai nauyi, ki faɗe shi da wuri ga wanda abin ya shafa. Nawa da na rufe, ke kika biya shi da lafiyarki.

Ba zan ce miki aikin ba shi da haɗari ba, don likitan ma bai ce haka ba. Ba zan ce ba zafi ba, akwai, kusan sati biyu. Amma yara da yawa an yi musu sun tashi, Haidar ma ya tashi daga tiyatar lafiya. Ban roƙe ki ki yafe mini yau ba. In kin ji haushina ki ji, kina da hakki, ƙaninki ne. In kin ga ba za ki iya yi mini magana a waya ba na ɗan lokaci, zan gane.

Allah ya jiƙan Haidar da Inna, ya sa suna cikin rahama. Allah ya ba ki lafiya mai ɗorewa, ya sa hannun da zai taɓa ki ya zama mai albarka, ya tsare ki daga sakacin kowa, har da nawa. Ki gaida Gwaggo da yara, ki riƙe salla.

Shekaranjiya bayan sallar magariba na gaya wa Babanki komai, har takardar. Ya tashi ya tafi masallaci, har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Na kuma gaya masa na yarda a yi miki aikin. Zai je ya karɓo rana in an yi hutun makaranta. Zan zo Bacirawa kwana ɗaya kafin ranar, kuma ba zan dawo gida ba sai kin cika sati biyu.

Wassalam.

Ummanki,
Sa'adatu